Takardu Huɗu na Mami Saroja

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Mami Saroja, maƙwabciyata ta ƙasan bene kuma malamar 'yata Nafisa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye, don ba yadda zan yabe ta ba tare da na tona wa kaina asiri ba. Bana dai na gaji da ɓoyo. Wanda ya karanta ya ce na yi wauta, ba zan yi musu da shi ba.

A Whalley Range muka haɗu, cikin irin tsofaffin manyan gidajen nan na Manchester da aka yayyanka aka mai da su flat. Mu muna sama, ni da maigidana da Nafisa, ita tana ƙasa ita kaɗai. Mijinta ya riga ya rasu, ɗanta tilo yana aiki a wata ƙasar. 'Yar kudancin Indiya ce, gajera, baƙa kamar mu, ba ta rabo da rigar sanyi a kan sarinta ko da rana ta fito. Mami shi ne sunan girmamawa da ɗalibanta ke kiranta da shi, mu ma muka bi sahu. Har yau muna gidan. Wasu 'yan jami'a ne a ɗakinta yanzu, kiɗan da suke sawa kuwa da tana raye da tsintsiya za ta bi su.

Ni da na tashi a Kano gani nake ba wanda zai gaya mini komai game da waƙar Indiya. Mu da muka ƙare ƙuruciya a gaban talabijin, muna rera abin da ba mu san ma'anarsa ba? Asabar ɗin farko da sauti ya taso ta ƙarƙashin ƙafata sai na ji wani abu daban. Wani ɗan akwati ne ke ta gunji ɗaya ba canji, kamar firji, a kansa muryar dattijuwa tana hawa tana sauka, yara suna binta. Na ce da maigida, anya matar nan lafiyarta ƙalau? Daga baya da muka saba na gaya mata ai ni ma gwanar waƙoƙin fim ce. Ta yi mini irin kallon da gwanar tuwo ke yi wa wadda ta zo tana alfaharin ta iya dafa ƙwai.

Nafisa tana da shekara bakwai lokacin. Kullum Asabar sai in neme ta in rasa, ashe tana zaune a matakalar bene tana bin yaran a hankali. Wata rana Mami ta buɗe ƙofa ta kama ta. Da yamma sai ga ta ta hawo da faranti cike da wata wainar shinkafa tasu wadda ba ta da maraba da masarmu, ta ce tana son yarinyar. Maigida ya nuna shakkarsa, don ya san yawancin waƙoƙin nasu na bautarsu ne. Mami ba ta ji haushi ba. Ta ce akwai waɗanda babu kalma ko ɗaya a cikinsu sai sunayen sauti zalla, kuma su kaɗai za ta koya mata. Shekara goma tana koyar da Nafisa, ba ta taɓa saɓa alkawarin nan ba.

Sunayen sautin guda bakwai ne: sa, ri, ga, ma, pa, da, ni. Mami takan faɗa, yara su rubuta a littafinsu da haruffan boko. Ɗigo a saman harafi yana nufin a hau sama, ɗigo a ƙasa a sauko, waƙafi kuma a ja sautin. Da na leƙa littafin Nafisa na ce to ai wannan ba wuya, ko ni zan iya. Abin da ban lura da shi ba shi ne, abin da ke takarda daban, abin da ke fita daga bakin Mami daban. Inda aka rubuta ga, muryarta ba ta tsayawa cak a kan ga. Sai ta kaɗa shi, ta leƙa na samansa ta dawo, ko ta zamo masa daga nesa a hankali har ta sauka a kai. Wannan lanƙwasar suke kira gamaka, kuma a wajenta ita ce waƙar, haruffan ƙashi ne kawai. Ya kamata a ce na fi kowa fahimtar haka, don mu ma mun san ba a ɗaukar ƙira'a daga takarda, sai an zauna gaban malam an ji inda zai ja da inda zai tsaya. Na sani sarai, amma ban taɓa haɗa biyun a raina ba.

Da yatsa take nuna musu. Tana zaune a tabarma, hannun dama yana buga lokaci a cinya, ɗan yatsan hagu yana zana hanyar muryar a iska, ya yi lilo, ya yi ƙugiya, ya zame. Yara su kafa wa yatsan ido su bi shi da murya. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba ko kusa, wato a ɗauki muryarta a waya. Ta ce in waya ta riƙe, kunne sai ya saki. Iyaye sun roƙe ta, ɗanta ya roƙe ta, ta ƙi.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau. Yanzu malami yana Indiya ɗalibi yana Ingila suna darasi ta waya, har akwai manhajar da in ka rera take zana maka hanyar muryarka a fuskar wayar, ta nuna inda ka kauce. Na san za ta taɓe baki ta ce injin ya sace mata yatsa. Wataƙila kuma da ta san abin da zai faru da ta sassauta. Ba zan ɓoye ba, wani lokaci har haushinta nake ji. Minti goma kacal, Mami, da kin bari an ɗauka sau ɗaya, da yau ba na wannan rubutun. Sai kuma in tuna ba ita ta yi ɓarnar ba, in ji kunyar haushin nawa.

Ni sakatariya ce a wani asibiti. Fiye da shekara ashirin ina hawa bas a Oxford Road ina zuwa in zauna gaban kwamfuta, aikina shi ne in karɓi rubutun likitoci, wanda kowa ya san kamar tonon kaji yake, in fitar da shi tsaf. Ina alfahari da aikin nan. Na iya gane inda biro ya zame da inda likita ya yi nufin harafi, ko in ce haka nake zato. Kuma ƙa'idar ofis ce, in ka buga takarda ka duba ta ka tabbatar, ta hannun sai ta shiga injin da ke yayyanka takardu, don sirrin marasa lafiya. Abin ya bi jikina har na sayi ƙaramin injin na ajiye a gida. Maigida kan tsokane ni ya ce ranar da ya daɗe zaune wuri ɗaya shi ma zan cusa shi a ciki.

Akwai wata waƙa da Mami ta karɓa daga bakin malaminta, wani tsoho a garinsu da bai taɓa buga komai a littafi ba. Kashi uku ce. Ta ce a iya saninta duk waɗanda suka karɓe ta tare sun mutu, saura ita. Cikin ɗalibanta na Manchester ba ta ba kowa ba sai Nafisa, 'yar Hausawa, abin da na san bai yi wa wasu iyayen daɗi ba. Kashi biyun farko sun ci musu fiye da shekara, layi ɗaya sai su yi sati uku a kansa. Suna shirin shiga na uku ciwo ya kama Mami a maƙogwaro. Muryar ta fara dishewa, sannan ta tafi gaba ɗaya, magungunan kuma suka sa hannunta rawa har ba ta iya riƙe kofi sai da hannu biyu.

Lokacin Nafisa tana tsakiyar jarrabawar ƙarshen sakandare. Wata Laraba da la'asar na sauka kai wa Mami kunun gyaɗa, don shi kaɗai ke wuce mata. Ta jawo wasu takardu huɗu daga ƙarƙashin matashi, waɗanda ta yago daga littafin rubutu, ɗaya har da tabon shayi. Ta danƙa mini a hannu ta riƙe. Sai da na kai kunnena bakinta sannan na ji abin da take cewa.

"Bayan jarrabawa. Za ta gane."

Mami ba ta kai ƙarshen jarrabawar ba.

Bayan ɗanta ya zo an yi abin da suke yi wa mamatansu, na zauna na buɗe takardun. Haruffan suna nan, sa ri ga ma, duk sun karkace. A samansu kuma ga wasu zane-zane, wani kamar tafiyar tsutsa, wani kamar ƙugiya, wani layi ya zamo daga wannan harafi zuwa wancan. Ban taɓa ganin irinsu a littafin Nafisa ba. Nan take na yanke hukunci: rawar hannu ce, biro ne ke ja mata. Hawaye suka zubo mini. Na ce yarinyar nan ba za ta ga yadda malamarta ta ƙare ba, ba zan bari abin da zai zauna mata a rai ya zama wannan hannun mai karkarwa ba. Na zauna na buga shafi huɗun nan a kwamfuta. Kowane ɗigo na sa shi, kowane waƙafi na sa shi, don su na san su. Zane-zanen na bar su. Na duba sau uku, na fitar a takarda mai kauri, na sa aka yi masa bango mai kyau da sunan Mami a kai. Sannan na yi abin da hannuna ya saba yi shekara ashirin. Ko daƙiƙa biyar injin bai yi ba.

Garin neman gira na rasa ido, kuma ban ma san na rasa ba. Da na ba Nafisa ta rungume ni tana kuka tana godiya. Ni kuwa har da jin daɗin na yi abin kirki. Ba ta iya buɗe littafin ba a lokacin, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ta tafi jami'a a Birmingham ta karanta harhaɗa magunguna, ta sami aiki, ta zauna a can, a unguwar Sparkbrook. Shekara shida littafin yana cikin akwatinta, ni kuma ina barcina lafiya.

Bara ta ji ta shirya. Ta sami wani dattijo, shi ma ɗan kudancin Indiya, da ke koyarwa a wani layi bayan Stratford Road, ta kai masa. Ranar ta kira ni ina tsakiyar yanka albasa.

"Umma, original ɗin fa? Wanda Mami ta rubuta da hannunta. Malam ya ce in kawo ya gani, wai ko ta sa wasu marks a saman haruffan."

Na ce mata ina zuwa. Ban iya faɗa a waya ba. Washegari na hau jirgin ƙasa, tun daga Manchester har Birmingham ina shirya yadda zan fara, da na isa kuma duk ya watse, na faɗa mata a tsaye a bakin ƙofa ko mayafi ban cire ba. Na so ta yi ihu. Na so ta ce Umma kin cuce ni, da na sami abin riƙewa. Sai ta zauna a kujera ta ce, "Ba ki sani ba ne, Umma." Ta tashi ta dafa mini shayi.

Tare muka koma wajen dattijon. Na kwatanta masa abin da na gani, tsutsar da ƙugiyar da layin da ke zamewa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce yawancin malamai ba sa rubuta waɗannan, don ba a buƙata, malam yana nan zai rera a ji. Wanda ya zauna ya zana su ɗaya bayan ɗaya, to ya san ba zai kasance a wurin ba. Ya ce kuma kusan kowa da irin alamarsa, ko da takardar tana nan ba lalle shi ya iya karantawa ba. Ya juya ya tambayi Nafisa yadda Mami ke nuna musu. Nafisa ta ɗaga yatsa ta zana a iska, sai na ga tsutsar, na ga ƙugiyar. Abin da yatsan Mami ke yi shekara goma a gaban yarinyar, shi ta sauke a takarda da hannun da ba ya iya riƙe kofi. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya karanta takardar nan, kuma shi aka rubuta wa. Ni aikina kawai in hau bene da ita.

Dattijon mutumin kirki ne. Ya ce zai iya yi wa haruffan ado yadda aka saba a irin wannan zubin, ya rera mana layin farko ta hanya uku, kowacce da daɗinta. Ya ce dukkansu daidai ne a ƙa'ida, zai ma iya ƙara wasu, amma wacce ce ta Mami da malaminta, wannan Allah kaɗai ya sani.

Da muka koma gida Nafisa ta shimfiɗa shafukan da na buga a teburin kicin ta miƙo mini biro.

"Ke kin gan su, Umma. Kin kalli kowane layi. Just try, ko guda ɗaya ne."

Na karɓa. Na ɗora bakin biron a saman harafin farko na rufe ido. Ina ganin tabon shayin, ina ganin inda takardar ta yage a gefe, ina ma tuna launin tawadar. Amma ko tsutsar a kan ga take ko a kan ma, ko ƙugiyar sama ta kalla ko ƙasa, babu. Idona ya koyi tsallake abin da ya ɗauka datti ne, ya kuwa tsallake da kyau. Abin da ya ƙarasa ni shi ne, yanzu ni ma hannuna ya fara 'yar rawa, girma ya zo. Da na ga abin da biron ya bari a takarda sai na gane rawar hannu ba ta zaɓen wuri, ko'ina take shiga. Na Mami kuwa a kan wasu haruffa kawai suke, kuma siffa ɗaya takan dawo sau da yawa. Wannan na tuna shi sarai, a lokacin da ba shi da sauran amfani. An ce matambayi ba ya ɓata. Yarinyar tana ɗakin da ke kusa da nawa ranar da na kunna injin, taku biyar ne tsakaninmu.

Mun nema, kada a ce ba mu nema ba. Na rubuta wa ɗan Mami, ya ce shi bai taɓa koyo ba, kayanta kuma babu wata takarda makamanciyar wannan. Nafisa ta bi tsofaffin ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa jin kashi na uku. Dattijon ya tambaya a can gida Indiya, aka ce ba a san waƙar ba. Ni da na kwana a samanta shekara da shekaru, wataƙila ta sha rera shi ita kaɗai yana ratso dabe yana shiga kunnena ina wanke-wanke, ban riƙe ko sauti ɗaya ba.

To me ya rage na Mami Saroja bayan shekara bakwai? Akwatin nan mai gunji yana wajen Nafisa, ɗan Mami ne ya ba ta. Kashi biyu na waƙar suna bakin yarinyar da dukkan lanƙwasarsu, kuma ta fara koyar da wasu yara ranar Asabar, a tabarma, ba waya. Ni kuma na daina yar da takarda. Injin na ba da shi, gidana ya cika da rasiɗai da ambulan, maigida ya gaji da tsokana ya daina. Addininmu ba ɗaya ba ne, ba ni da irin addu'ar da na saba yi wa namu da zan bi ta da ita, sai dai in bar lamarinta ga Mahaliccinta, in kuma shaida cewa ta riƙe mana amana shekara goma. Ni ta ba ni tata ta 'yan makonni.

Watan jiya na je Sparkbrook, Nafisa ta ce in zauna za ta rera mini waƙar gaba ɗaya. Na tambaye ta ko ta karɓi adon da dattijon ya yi tayi. Ta girgiza kai ta ce ba nata ba ne da za ta sa masa kayan aro. Ta kunna akwatin, ta naɗe ƙafa. Kashi na farko da na biyu yatsanta yana sama yana lilo yana zamewa, har na rufe ido na ji kamar daga ƙasan bene sautin ke tasowa. Da ta zo na uku sai ta sauke hannun ta ɗora a gwiwa. Ta rera haruffan ɗaya bayan ɗaya a miƙe, sa, ri, ga, ma, kowanne a tsaye cak, daga shafin farko har na huɗu, daidai yadda na buga su. Ina riƙe da littafin ina bi da ido. Babu kuskure ko ɗaya.